Yadda Ake Haɗa Littafin Tarihin Gida Daga Tsofaffin Hotuna: Jagora Ga Iyalan Hausawan Sudan

A gidajen Hausawan Sudan da dama, daga Mai Wurno zuwa Gadarif da Kassala da Wad Madani, tsofaffin hotuna suna zaune ne a cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, ko a tsakanin takardun fili da na makaranta, ko a albam ɗin da ledarsa ta fara narkewa. A da, abin da ke cin su shi ne gara da ƙura da zafi da ruwan damina. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya zo da wata asara ta daban, domin mutane sun fita daga Khartum da Umdurman, daga baya kuma daga Wad Madani da wasu garuruwan Jazira da Sinnar, da abin da hannu zai iya ɗauka kawai, kuma ba kowa ne ya tuna da albam ba. Hotunan da suka tsira yanzu suna warwatse a hannun dangi, wasu a Bur Sudan, wasu a Alƙahira ko Jidda, wasu a Kano.

Abin da ake nufi da littafin tarihin gida a nan shi ne fayil guda da aka tsara a kwamfuta ko a waya, shafi bayan shafi, hoto da sunan mai shi da labarinsa, wanda za a iya karantawa a waya kuma a buga shi a takarda idan hali ya samu. Kafin a shiga matakan aikin, akwai abu guda da ya kamata a riƙe: hoton da babu wanda ya san ko waye a cikinsa ya riga ya ɓata, ko da takardarsa ba ta yage ba. Saboda haka wannan jagora ta sa zama da dattawa a gaban aikin na'ura, saɓanin yadda aka saba yi.

A ɗora aikin a wuyan mutum guda, a kuma yanke iyakarsa

Aikin da aka bar wa dangi gaba ɗaya ba ya ƙarewa. A zaɓi mutum guda mai haƙuri wanda manya suke sakin jiki da shi, shi ne zai riƙe komai, sauran su taimaka masa. Sannan a yanke shawarar littafin wa ake yi. Tarihin zuriya duka, tun daga kakan da ya taso daga ƙasar Sakkwato ko Katsina har zuwa jaririn da aka raɗa wa suna bana, ya yi wa littafin farko yawa. Ya fi kyau a fara da mutum ɗaya, kamar kaka da 'ya'yanta, ko da gida ɗaya. Shafi 24 zuwa 40 da hotuna 40 zuwa 60 sun isa.

Wajen tattarawa, kada a nemi kowa ya ba da ainihin hotonsa ya tafi da shi, domin nan ne rigima take farawa. A je gidan, a ɗauka a gaban mai shi, a mayar masa nan take. Waɗanda ke nesa kuwa, a roƙe su su turo hoton a matsayin fayil ta maɓallin tura takardu na WhatsApp, saboda idan aka tura shi ta hanyar da aka saba, manhajar tana matse shi ta rage masa inganci, a waya ya fito da kyau amma a takarda ya dushe. A kuma roƙe su su ɗauki bayan hoton, ko da suna ganin babu komai a wurin.

Zama da dattawa

Da zarar an sami hotuna goma ko ashirin, ko da ɗaukar gaggawa ce, a tafi wurin tsofaffin gida. Gyaran hoto yana iya jira har baɗi, amma babu wanda ke da tabbacin cewa mai bayanin zai kai baɗi da lafiyarsa da tunaninsa.

A zaɓi lokacin da tsoho yake cikin nishaɗi, kamar da hantsi bayan shayi ko bayan la'asar, a nemi izininsa kafin a kunna naɗar murya, a kashe fanka da rediyo, a ajiye wayar kusa da bakinsa. A farkon naɗin, mai tambaya ya faɗi ranar da garin da sunan wanda yake magana da shi, don kada muryar ma ta zama marar suna nan gaba. Sai a miƙa hoto ɗaya, a yi shiru. Kuskuren matasa shi ne su faɗi amsa a cikin tambaya, su ce: "Kaka, wannan ai Kawu ne, ko?" Tsohuwa za ta ce e don kada ta kunyata jikanta. Abin da ya dace shi ne a ce: "Kaka, wa kika gani a nan?" Bayan ta faɗa sai a bi da: "Wace ce wannan da ke tsaye a bayanki? A gidan wa aka ɗauka? Kina goyon wa a lokacin?" Ga namiji kuma: "Baba Alhaji, ta wace hanya kuka bi zuwa Sawakin, kuma wa ya raka ku?" Tambaya irin wannan ita ke buɗe labari, kuma sau da yawa labarin yakan fi hoton daraja.

A tambayi maza da mata daban-daban. Maza sukan riƙe salsala da sunayen garuruwa da sana'o'i, wanda ya yi noman auduga a Jazira, wanda ya yi dako a tashar jirgin ruwa, wanda ya fara sayar da agashe a kasuwa. Mata kuwa su ne suka san wa ya auri wa, wa aka saki, wa ya sha nonon wa, da yaran da suka rasu tun suna ƙanana waɗanda maza ba sa ambata. Kishiyoyi biyu a zama ɗaya ba za su ba da labari ɗaya ba, kuma babu wadda za ta saki jiki. A ware wa kowace lokacinta.

Game da suna, a rubuta duka: sunan yanka, da sunan uba da kaka kamar yadda yake a takardun hukuma, da laƙabin da aka fi sanin mutum da shi. Wannan yana da muhimmanci a gidajenmu fiye da yadda ake zato, domin alkunya tana hana mace faɗin sunan mijinta ko ɗanta na fari, har jikoki su tashi ba su san sunan yankan kakarsu ba, sai dai Goggo ko Inna ko Hajiya ko Habboba. Idan tsohuwa ta ƙi furta wani suna, kada a matsa mata. A tambayi wani daga baya.

Wani abin da za a ci karo da shi shi ne saɓanin ruwaya, musamman a kan asali. Hausawan Sudan ba lokaci guda suka zo ba. Akwai waɗanda kakanninsu suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Akwai alhazan ƙasa da suka ratso Chadi da Darfur da Kordofan suna tafiya suna aiki, wasu suka isa Makka suka dawo suka zauna, wasu ba su ƙetare teku ba. Akwai kuma waɗanda aikin gonakin Jazira ya riƙe bayan an kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925. Ba kowane gida ne ya taho tare da Mai Wurno ba, ko da yake gidaje da yawa suna son a ce haka. Mai haɗa littafi ba alƙali ba ne: idan Baffa ya ce daga Haɗeja aka taso, Goggo ta ce daga Zinder, a rubuta ruwayoyin biyu, kowace da sunan wanda ya faɗe ta.

Gano shekarar hoto

Dattawa ba sa ƙirga da shekarun kalanda, suna ƙirga da abin da ya faru, kuma wannan ya wadatar idan aka san shekarun. Sudan ta sami 'yancin kai ranar 1 ga Janairu 1956. Shugaba Numeiri ya hau mulki a Mayun 1969, aka sauke shi a Afrilun 1985. An yi fari da yunwa a 1984 zuwa 1985, an kuma yi babbar ambaliyar Khartum a Agustan 1988. Idan aka ce an ɗaura aure shekara biyu bayan ambaliya, an sami 1990. Hoton makaranta da tuta ta fito a ciki ma yana ba da haske, domin an sauya tutar ƙasa a 1970, daga mai launi shuɗi da rawaya da kore zuwa wadda ake amfani da ita yanzu. A duba bayan hoto don hatimin sutudiyo, wanda yakan nuna gari, wani lokaci har da kwanan wata.

Hotunan da aka ɗauka a Makka ko Madina sukan zo da shekarar Hijira. Don a kusanto da ita zuwa Miladiyya, a ninka ta da 0.97 a ƙara 622. Misali 1390 za ta ba da 1970. Lissafin yana iya kaucewa da shekara ɗaya. Inda babu tabbaci, a rubuta "wajajen 1975", kada a ƙirƙiri rana da wata don shafi ya yi kyau.

Ɗaukar hoton da kyau

Yanzu ne lokacin aikin na'ura. A wanke hannu a shanya, a riƙe hoto ta gefe, a kaɗe ƙura da burushi mai laushi, kada a goge fuskarsa da rigar tsumma. Hoton da ya manne da gilashin firam ko da ledar albam, a ɗauke shi yadda yake, domin ɓamɓarowa tana tafiya da fuskar. Idan ruwa ya jiƙa hotuna suka manne da juna kuma suka bushe, kada a ja su da ƙarfi. Kada kuma a kai tsohon hoto a liƙe shi cikin leda da zafi kamar katin shaida, saboda abin da aka liƙe haka ba ya ɓalluwa, kuma zafin kansa yana cutar da takardar. Idan za a rubuta suna a baya, a yi da fensir mai laushi a gefe, ba da biro ba.

Wanda ya sami sikana, ya sa ta a kan ɗigo 300 a kowane inci idan hoton zai fito a girmansa. Hoto mai santimita 10 da 15 zai ba da fiksel, wato ƙananan ɗigon da suka haɗa hoto, kusan 1200 da 1800 a wannan ma'auni. Idan za a ninka girmansa sau biyu, a sa 600. Ƙaramin hoton fasfo, wanda sau da yawa shi ne kaɗai hoton da kakan gida ya bari, a ɗauke shi a 1200 don a iya faɗaɗa shi sau huɗu. Ko hoton baƙi da fari ne, a ɗauke shi da launi, domin jan da tsufa ya sa masa yana cikin kamanninsa, kuma gyara ya fi sauƙi daga baya.

Mafi yawan mutane da waya za su yi aikin, kuma ta isa. Waya mai megafiksel 12 tana ba da kusan fiksel 4000 da 3000, cikakken shafin A4 kuwa, a ma'aunin ɗigo 300, yana buƙatar 2480 da 3508. A shimfiɗa hoton a kan farar takarda a inuwa mai haske, kamar bakin ƙofa da safe, a kashe fitilar kyamara, a goge idonta, a riƙe wayar daidai saman hoton ba a karkace ba. A matso har hoton ya cika fuskar wayar maimakon a jawo shi da yatsa. Ga hotuna masu ƙyalli, manhajar PhotoScan ta Google tana ɗaukar hoton ta kusurwoyi da yawa ta haɗa su ta cire ƙyallin.

Kada a tsaya a kan fuskoki. Gidan da kakansa bai yarda a ɗauke shi hoto ba saboda dalilin addini, ko gidan da hotunansa suka ƙone, yana da abin sa wa a littafi: allon da ya yi karatu da shi, gafakar Alƙur'aninsa, wasiƙar da ya rubuta da ajami, carbinsa, kwallar auren kaka, ƙofar tsohon gida.

Sunan fayil da gyara

Tun ran gini ran zane: kowane hoto a sa masa suna a ranar da aka ɗauke shi. Tsari mai sauƙi shi ne shekara, gari, suna, lamba, misali 1978_Gadarif_auren_Goggo_01. Idan shekara ce a gaba, kwamfuta da kanta za ta jera su bisa tarihi. A buɗe jaka biyu, ɗaya ta asali wadda ba a taɓawa, ɗaya ta aiki, domin fayil ɗin hoto irin JPEG yana rasa wani abu na ingancinsa duk lokacin da aka gyara shi aka sake adanawa.

Gyaran da ya halatta kaɗan ne: daidaita karkata, yanke gefe, ƙara haske. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke sabunta tsohon hoto kuwa, a yi hattara da su ƙwarai. Ba su san mutumin ba, saboda haka inda hoto ya dushe sai su cike gurbin da fuskar da suka ƙaga. Sukan ɗauki zube da sauran tsagen fuska a matsayin lahani su goge, alhali a hoton kakanninmu tsagen nan shaida ce ta asali, wani lokaci ita kaɗai ce ta rage. Sukan kuma sauya launin fata da na tufafi bisa zato. A ra'ayina hoto mai dishi-dishi na gaskiya ya fi kyakkyawar fuskar da ba ta kakan kowa ba. Wanda ya nace sai ya gyara, ya sa na asalin a gefensa, ya rubuta cewa an gyara.

Tsara shafuka da zaɓen harshe

Ba a buƙatar manhaja mai tsada. PowerPoint ko LibreOffice Impress, wadda kyauta ce, suna aiki ba tare da intanet ba, kuma wannan abin dubawa ne a inda wuta da sadarwa ba su da tabbas. A saita girman shafi tun farko, A4 ko A5. Hoto ɗaya ko biyu a shafi sun isa. A ƙarƙashin kowanne a rubuta sunaye bisa jeri, a kuma faɗi ta inda aka fara, dama ko hagu, saboda mai karatun Larabci da mai karatun boko ba ta gefe ɗaya suke farawa ba. A ja hoto ta kusurwa idan za a faɗaɗa shi, don kada fuska ta miƙe. Labarin da ke gefen hoto a bar shi da kalmomin wanda ya faɗa, har da Larabcin da ya gauraya a ciki. Idan aka mayar da maganar kaka Hausar jarida, jikokinta ba za su ji muryarta ba.

Batun harshe shi ne ya bambanta littafin Bahaushen Sudan da na ɗan'uwansa na Najeriya. Da yawa daga cikin matasa suna jin Hausa amma da Larabci suka yi makaranta, boko bai zauna musu ba, dangin Kano da Maraɗi kuwa boko suke karantawa. Mafita ita ce a rubuta sunaye da gajeren bayani da Larabci da Hausar boko duka, kowanne a akwatin rubutunsa, domin haɗa su a layi ɗaya yana hargitsa jerin kalmomi. Ga boko, a zaɓi samfurin haruffa mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, kamar Noto Sans ko Andika. Wanda ke son ajami, akwai Alkalami da Harmattan, waɗanda aka tsara don rubutun ajami na Afirka ta Yamma. A ƙarshe a fitar da littafin a matsayin PDF, a buɗe shi a wata wayar daban don a tabbatar haruffan sun fito.

Ana iya sa lambar QR, wato tambarin da ake haskawa da kyamarar waya, da za ta kai mai karatu ga muryar kaka a intanet, amma adireshin intanet yana mutuwa, don haka a rubuta maganar a shafin duk da haka.

Izini da sirri

Kafin littafi ya fita, a nuna wa kowace mace hotonta. Hoton daren lalle ko wanda aka ɗauka a cikin gida ba mayafi ba na kowa ba ne, kuma abin da ya shiga zauren WhatsApp na dangi ya fita daga hannu. Ana iya yin kwafi biyu, cikakke na cikin gida da taƙaitacce na rabawa. A rufe lambobin fasfo da na katin ɗan ƙasa. A halin da ake ciki, hoton wani ɗan gida cikin kakin soja ko na 'yan sanda yana iya jawo wa mai wayar matsala a shingen bincike. Irin wannan a ajiye shi wurin dangin da ke waje, kada a yi tafiya da shi.

Ajiya da bugawa

Ƙa'idar da masu adana kayan tarihi suke bi ita ce kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani wuri mai nisa. A aikace: ɗaya a kwamfuta ko waya, ɗaya a filashi ko katin memori, ɗaya a wurin ɗan'uwa a wata ƙasa. Ba PDF kaɗai za a tura masa ba, har da jakar asali da muryoyin. Ajiya a intanet tana da amfani, asusun Google yana ba da gigabayit 15 kyauta, amma katsewar sadarwar da aka yi a faɗin ƙasar a Fabrairun 2024 ta nuna cewa ba a dogara da ita ita kaɗai. Kamfanin Google ya kuma sanar cewa yana iya goge asusun da aka yi shekara biyu ba a shiga ba. Asusun da aka ɗaure da layin waya ɗaya yana iya ɓacewa tare da layin, saboda haka a ƙara imel ɗin wani amintacce na farfaɗo da shi, mutum biyu kuma su san kalmar sirri.

Idan za a buga, a tambayi maɗaba'a ko tana son a bar rarar milimita 3 a gefen shafi saboda yanka, a kuma sa adadin shafuka ya rabu da huɗu idan ɗinkin tsakiya za a yi. A fara buga shafi biyu na gwaji, domin hoto yakan fi duhu a takarda fiye da yadda yake a waya, kuma fuskar mai baƙar fata ita ce take fara nutsewa. Kwafin gwajin a kai wa dattawan da aka yi hira da su, a karanta musu, su gyara sunan da aka kuskure kafin a buga da yawa. A shafin ƙarshe a rubuta wanda ya haɗa littafin, da waɗanda suka ba da bayani, da shekarar, da lambar bugu, sannan a jera hotunan da ba a gane mutanen cikinsu ba tare da lambobi, don wanda ya gane wani ya sanar a shigar a bugu na biyu. Filashi kuma ba ya riƙe bayani har abada idan an jefa shi a akwati. A tsayar da lokaci guda a shekara, kamar bayan Babbar Salla, a buɗe shi a duba, bayan 'yan shekaru a kwafe komai zuwa sabo.